Shekara Goma Sha Biyun da Tanko Ya Bari a Kano

Kowa sau ɗaya ake haihuwarsa, amma ban da Tanko ɗan gwaggona, direban nan na Doha. Shi sau biyu aka haife shi. Ta farko a Malumfashi, a ɗakin gwaggo Safura, da damina, a shekarar da babu wanda ya damu ya rubuta. Ta biyu a Kano, a wani ɗan ofis mai fanka ɗaya, kuma a wannan karon ya zo duniya da gemunsa da matarsa Mero da 'ya'ya huɗu.

Ejan ɗin da ke haɗa wa mutane takardun fita waje shi ya yi ungozoma. Ya dubi Tanko sama da ƙasa ya ce, "Shekararka nawa?"

"Arba'in da ɗaya, in lissafin Inna daidai ne."

"Lissafin Inna ya tsaya a gida. Can ba sa ɗaukar direban da ya haura talatin. Ashirin da tara gare ka."

Kafin Tanko ya buɗe baki ejan ya riga ya rubuta. Da biro ɗaya shekara goma sha biyu suka zube ƙasa, aka haɗa su da ɓawon gyaɗa aka share. Fasfo ya fito da 1975. Ƙanin da ke bi masa ya wayi gari ya zama yayansa. 'Yarsa ta fari kuwa, in takarda za a bi, yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya haife ta.

Daga nan sai Doha. Shekara ashirin ya yi a gida ɗaya a Al Aziziya, unguwar manyan gidaje masu doguwar katanga. Kafil ɗinsa, wato mutumin da sunansa ke kan takardar zamansa, wani ne Nasir. Amma ainihin aikin Tanko shi ne tuƙa mahaifiyar Nasir ɗin, tsohuwar da kowa ke kira Ummu Nasir, shi kuma yake ce mata Mama. Yau asibiti, gobe gidan 'yarta, jibi ta'aziyya. Ba ta son gudu, ba ta son rediyo, ba ta son a taka birki kamar ana jin haushinsa. Direba uku ta kora kafin Tanko, shi kuwa da ya zo sai suka zauna kamar an gwada.

Motar wata farar Land Cruiser ce, kuma da yadda yake kula da ita haka yake kula da mutum da tuni an naɗa shi sarauta. Ka tsayar da shi a hanya ka ce kilomita nawa ta ci, zai faɗa maka har da rabi. Ka ce masa ya sunan jikarsa ta uku, sai ya yi tari tukuna. Juyen mai ba ya wuce ranarsa. Tun yana jan bas a tashar Malumfashi babu wanda ya tsana a duniya kamar dillalin da ke mayar da mitar mota baya don ta yi kamar sabuwa.

"Wannan ba ɓarawo ba ne," in ji shi, "mai kisan kai ne. Bakanike da mita yake aiki. In ta ce masa dubu hamsin alhali dubu ɗari biyu ce, ba zai taɓa bel ɗin inji ba. Ran da bel zai tsinke kuwa ba a gareji yake tsinkewa ba, a tsakiyar titi ne, da mutane a ciki."

Haka yake wa'azin nan duk inda ya samu kunne biyu. Jikinsa ne kawai bai taɓa kaiwa sabis ba.

A Doha akwai wani shayi da ake ce wa karak. Madara ce da suga aka nuna musu ganyen shayi daga nesa. Ba ka ma fita daga mota: ka tsaya ƙofar shago ka danna hon, a miƙo maka ta taga. Tanko kofi bakwai yake sha a yini, ranar da ya ce ba ya jin daɗi ya sha biyar. Mai shagon da yake zuwa, wani dattijo ɗan Indiya, shekara goma sha biyar yana miƙa masa shayi bai taɓa ganinsa daga ƙugu zuwa ƙasa ba. Da rana kuma a aiko masa da tire daga cikin gida, shinkafa da kitsen rago, ya zazzaga mata yajin da Mero ke aiko masa, wanda rabinsa gishiri ne da magi. Ya ci, ya koma mota ya zauna a sanyi. Tafiyarsa mafi tsawo a yini ita ce daga ɗakinsa zuwa gareji, taku goma sha huɗu. A hankali tumbi ya taso har ya fara taya shi riƙon sitiyari.

Sai kuma maganar gemu. Duk safiyar Juma'a Tanko kan kulle ƙofa ya kwaɓa dayis a murfin kwalba, ya bi gemu da saje gashi ɗaya bayan ɗaya. Ya fito da gemu baƙi wuluk kamar gindin tukunya, irin baƙin da ko ɗan shekara ashirin Allah bai ba shi ba. Gwiwa ce kawai ta ƙi shiga yarjejeniyar. Duk sanda zai sauko daga mota sai "wash!" ta kuɓuce masa, sai ya yi maza ya ƙarasa ta da salati.

Kada a ce son ƙuruciya ne. Tsoro ne, kuma guda biyu ne.

Na farko a bakin direbobi ya samo shi. Bayan sallar Juma'a sukan taru a wani ɗaki a unguwar Bin Mahmud su ci tuwo, kuma kullum sai wani ya ce ai an ce duk wanda ya cika sittin ba a sabunta masa iƙama, wato takardar zama, khalas, shi ke nan sai jirgin gida. Babu wanda ya taɓa ganin dokar a rubuce, amma kowa yana da wani wanda ya san wani da aka yi wa. Tanko kuwa autarsa Bilqis tana tsakiyar jami'a. Sai ya gyara zama ya ce, "Allah sarki tsofaffi," ya kai loma.

Na biyu bai taɓa faɗa wa kowa ba. Mahaifinsa Malam Idi yana da sittin da biyu ya faɗi a wurin alwala, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Shekara huɗu ya yi a tabarma. Tanko ne ke juya shi, shi ke masa wanka, shi ke goge masa miyau. Mutumin da ke ɗaga buhun dawa da hannu ɗaya ya koma ƙuda ma sai an kore masa. Tanko ya san lissafin Inna sarai: sittin da ɗaya gare shi, saura damina ɗaya ya taka shekarar mahaifinsa. Abin da yake roƙo a kowace sujada bai wuce ɗaya ba, ran da zai koma gida ya sauka daga jirgi da ƙafarsa, kada a turo shi.

To, a bara sai ciwon kai ya fara kama shi a ƙeya. Duk sanda danja ta tsayar da su sai ya kai hannu yana matsa wuya. Mama tana baya tana kallo. Ranar da ya kai ta awo wani asibiti a Ain Khaled, ta fito ta nuna masa ƙofa da sandarta.

"Yalla, maza, kai ma shiga."

"Mama, lafiyata ƙalau."

"Ban tambaye ka ba."

Nas ɗin da ta karɓi katinsa ta duba sunan, ta ɗago ta ce, "Malam Tanko, ina kwana? Daga ina a gida?" Tanko ya ji kamar an miƙo masa fura mai sanyi. Sista Roseline ke nan, 'yar Kafanchan, gajeriya mai saurin hannu, irin matan da ke yi maka allura kana tsakiyar gaisuwa. Ta ɗaura masa abin awon jini ya nuna ɗari da arba'in da takwas bisa casa'in da biyu. Ta ɗebi jini ta ce ya dawo bayan kwana uku.

Ya dawo. Likitan wani dogon Basudane ne mai sanyin murya. Ya zuba komai a kwamfuta: awon jini, suga, kitsen jini, ba ya shan taba, shekara arba'in da tara. Ya ce, "Mahaifinka yana da rai?"

"Ya rasu."

"Me ya same shi?"

"Mutuwar Allah ya yi."

Kwamfuta ta yi lissafinta ta nuna ruwan ɗorawa. Likita ya ce komai nasa yana bakin gaɓa, jini ya ɗan hau, suga ya leƙo, amma da yake da sauran ƙuruciya ba sai an fara magani yanzu ba. Ya rage suga da gishiri, ya riƙa tafiya, ya dawo bayan wata shida. In ya cika hamsin kuma akwai wasu gwaje-gwajen da za a fara yi masa.

Duk jawabin nan kalma ɗaya Tanko ya ji, ƙuruciya. Ya fito yana taku kamar ango. Ya zauna gaban Sista Roseline don ta rubuta masa ranar dawowa, hira ta ɓarke. Ta ce ai ita ma 'yar direba ce, babanta tirela ya ja har ya tsufa.

"Ashe 'yar gida ce!" in ji Tanko. "To babanki zai ba ki labarin ranar da aka koma tuƙin hannun dama. Sista, ranar nan an ga abu! Ina bakin titi da farantin rakena a ka. Motoci suka koma dama, jakuna suka ce su ba a shawarce su ba. Wata akori-kura ta yi gaba da gaba da jakin mai itace, direba na cewa gwamnati ta ce dama, mai jaki na cewa to ka faɗa wa jakin. Na yi dariya har rakena ya zube a kwata, Inna ta zane ni."

Sista Roseline ta ajiye biro a hankali.

"Malam Tanko, wace shekara ce aka koma hannun dama?"

"Saba'in da biyu mana, wa bai sani ba?"

"Haka ne. Yayana Henry a makon aka haife shi, har yau Dama ake ce masa a gida. Shekararsa hamsin da biyu." Ta juyo masa da katinsa. "Kai kuma nan an ce saba'in da biyar. Wato kana tallan rake shekara uku kafin a haife ka. Baba, sannu da ƙoƙari."

Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, amma zufa ta karyo wa Tanko har dayis ya fara tunanin sauka. Ya dubi ƙofa, ya dubi taga, ya rage murya.

"Sista, don girman Allah ki rufa mini asiri. Ina da yarinya a makaranta."

"Asirinka a rufe yake, Baba. Ni ba 'yar sanda ba ce, ba ruwana da fasfo. Rabin 'yan cocinmu ma shekarun takarda gare su. Kuma ba zan gaya wa likita ba, bakinka ne zai faɗa. Amma ka saurare ni. Jijiyar jini kamar tiyon lagireto take. Tana sabuwa tana da laushi, ko ruwa ya yi ƙarfi sai ta buɗa. Shekaru suna busar da ita, gishiri yana ƙara wa jinin ƙarfi, suga da kitse suna cin ta daga ciki. Wannan awon naka, a jikin ɗan arba'in da tara gargaɗi ne. A jikin ɗan sittin da wani abu kuwa, magana ce ta yau, ba ta wata shida ba. Kwamfutar can da shekaru take lissafi. Sannan mutuwar Allah kowa ita yake yi. Me ya kwantar da mahaifinka?"

Tanko ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"To," in ji ta. "Kai direba ne. Ka kawo mota gareji, ka mayar da mita baya, bakanike ya ce ka tafi ba komai. Wa ka cuta?"

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Shekara talatin yana tsine wa masu mayar da mita, yau ga sa'ar 'yar cikinsa ta ɗora masa hular. Ya miƙe, "wash" ta fito, bai ko tsaya rufe ta da salati ba, ya fice.

Mako biyu yana fushi. Ya daina bin titin asibitin, gara ya zagaya ta inda zai ƙara kilomita huɗu. Ya ce wa kansa yaran yanzu ba su da kunya. Ya ce ai kwamfuta ta fi nas ilimi, kuma kwamfuta ta ce ruwan ɗorawa. Ya rage karak daga bakwai zuwa shida, ya ɗauka ya biya likita hakkinsa. Ƙeya kuwa ba ta daina sara ba.

Wata ranar Juma'a da hantsi, ya kulle ƙofa, ya gama shafe ɓarin gemu na dama ke nan, sai waya ta yi ƙara. Mero ce, kiran bidiyo. Ba a gida take ba, bangon da ke bayanta ba nasu ba ne.

"Baban Bilqis, ina gidan Auta mai faci. Shekaranjiya ya faɗi a tasha."

Auta ba aboki ba ne kawai. Rana ɗaya wanzami ya yi musu kaciya, zaure ɗaya suka yi jinya, kwano ɗaya suka ci kazar. A Malumfashi wannan ta fi kowace takardar haihuwa: duk wanda ya san shekarun Auta ya san na Tanko. Tun da labarin fasfo ya iso gari Auta bai ƙara kiransa da sunansa ba, sai "yaro". In Tanko ya zo hutu, Auta ya tare shi a tasha da ihu, "Yaro, zo ka gai da babanka!"

Mero ta juya wayar. Ga Auta a tabarma an jingina shi da filo, baki ya karkace, hannun dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Hannun da ke cire tayar tirela. Ya ƙura wa wayar ido, ya ga rabin gemu baƙi rabi fari, sai gefen bakinsa mai rai ya motsa. Ya daɗe yana kokawa da harshe kafin ta fito.

"Ya... ro."

Tanko ya so ya rama, kamar kullum.  Amma tabarmar ce ta ɗauke masa ido. Irin ta Malam Idi ce sak, har jan zaren bakin.

Mero ta fita tsakar gida da wayar ta ce, "An ce hawan jini ne, ya daɗe da shi bai sani ba, don ba ya ciwo. Malam, kai fa? Bature ka yi wa wayo ko Balarabe, ban sani ba, amma ni na san daminar da aka haife ka, gwaggo ta faɗa mini. Ni ba gida nake so ba, ba atamfa nake so ba. Na yi jinyar surukina tare da kai, ba na son in yi taka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ruwa ake shafa wa naka, kai kuma ga ka nan da baƙin shuni."

Ranar bai ƙarasa ɓarin hagu ba. Haka ya je masallaci ya naɗe fuska da rawani kamar Buzu, a zafin Doha.

Ranar Lahadi da sassafe yana ƙofar asibiti kafin masu shara. Sista Roseline ta gan shi, ta buɗe masa ƙofar likita ta bi shi ciki. Tanko ya zauna, ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa.

"Likita, motar nan ta fi abin da mita ta nuna."

Likita ya dubi Sista. Ta ce, "Baba, faɗa masa kai tsaye."

"Sittin da ɗaya gare ni. Mahaifina kuma shanyewar jiki ce ta kwantar da shi, yana da sittin da biyu."

Ya rufe ido yana jiran a kira 'yan sanda, ko jirgi ya sauka a tsakar asibiti. Sai ya ji ƙarar maɓallan kwamfuta kawai. Da ya buɗe ido, ruwan ɗorawan nan ya koma ja kamar danja.

"Ka gani?" in ji likita. "Jini ɗaya, suga ɗaya, mutum ɗaya. Gaskiya kawai muka ƙara. Kai ne na uku da ya gaya mini irin wannan a bana. Ni jiki nake dubawa, fasfo yana da masu duba shi. Da ka bari sai bayan wata shida, ban san a wace ƙofa za ka shigo ba."

Ya rubuta masa ƙwayar hawan jini da ta rage kitse, kullum, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Ya tura shi awon ido da na ƙoda, da wani gwajin bayan gida na neman ciwon hanji tun bai yi ƙarfi ba, wanda ya kamata a ce an fara yi masa shekara goma da suka wuce. Tanko ya ce shi dai a duniya bai taɓa jin inda mutum ke kai wannan kaya ofis a kwalba ba. Sista ta ce yau ya ji.

Sannan ta ajiye kujera a tsakiyar ɗaki ta ce ya harɗe hannu a ƙirji, ya tashi ya zauna, ya tashi ya zauna, har rabin minti. Ya yi takwas, a na tara kujera ta riƙe shi.

"Ka ga wannan?" Ta nuna cinyarsa. "Tun daga wajen arba'in naman jiki yake zaizayewa in ba a aiki da shi. Shi ke ƙona suga, shi ke hana tsoho faɗuwa. Tafiyar rabin awa, kwana biyar a mako, da sauri har ka ji numfashi ya canza. Tashi-zauna goma safe da yamma. Wake, ganye, kifi. Yajin Mama Mero a rage masa gishiri. Karak kuma..."

"Sista, a bar ni da uku."

"Ɗaya. Ba suga."

"Karak ba suga ai ruwan wanki ne!"

"To sha ruwan wankin. Baba, tsufa ba ciwo ba ne, kuma babu mai hana shi zuwa. 'Yan rakiyarsa ne ake tsayarwa a ƙofa."

Saura tsoro na farko. Tanko ya jefar da murfin dayis, don ya ce ba zai iya haɗiyar ƙwayar tsofaffi da gemun yara ba. Cikin mako uku furfura ta taso daga tushe, baƙi a ƙasa fari a sama, ya koma kamar hankaka. Kullum yana jin idon Mama a ƙeyarsa. Ran nan suna dawowa daga gidan 'yarta, suka wuce shagon shayi bai danna hon ba. Ta buga sandarta a bayan kujerarsa.

"Tanko, shekararka nawa?"

Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kashe mota. Ya riga ya gaji. Ya faɗa mata duka, da ejan, da Malam Idi, da Auta, da jan danjar likita. Ya ce in Nasir zai sallame shi, don Allah a bari Bilqis ta gama.

Tsohuwar nan ta yi dariya har sai da ta dafe haƙoranta na roba.

"Ranar da ka zo gidan nan," in ji ta, "na ga yadda ka sunkuya ka ɗauki jakata, na ce wa marigayi mijina wannan ya haura arba'in. Shi ya sa na ce a bar mini kai. Yara uku sun kusa kashe ni a titi. Ni kaina takardata ta ce ɗaya ga Janairu. Ni da ƙawayena duka ɗaya ga Janairu aka haife mu, ka taɓa jin inda mata suka haɗa baki haka? Baƙin gemun nan ne kawai ya dame ni, shekara ashirin ina jin kunyar gaya maka."

"Mama, Nasir fa?"

"Nasir ni na haife shi. Khalas. Tada mota."

Washegari bayan sallar asuba ta sa ya kai ta filin shaƙatawa na Aspire, nan kusa da su. Ta zauna a benci da carbinta ta ce ya fara zagaye, ita za ta ƙirga. Zagayen farko ya dawo yana huci kamar tsohuwar bas a kan tudu. Ya ce ya yi biyu, ta ɗaga carbi ta nuna masa ƙwaya ɗaya. Tun daga ranar haka suke, in zafi ya yi yawa su koma cikin babban kanti mai sanyi ya yi ta zagaya shaguna kamar mai neman ɓataccen yaro.

Bayan wata shida awonsa ya sauko ɗari da talatin bisa tamanin, suga ya koma inda ya fito, kujerar Sista Roseline ta sake shi har sau goma sha huɗu. Tumbi ya saki sitiyari. Ranar da ya fara ajiye mota nesa ya taka zuwa shagon shayi, dattijon nan ɗan Indiya ya leƙo ta kan kanta ya dubi ƙafafun, ya kira duk ma'aikatan shagon su zo su gani. Da Tanko ya ce ba suga, sai mutumin ya zauna.

Duk Juma'a, lokacin da a da yake kwaɓa dayis, yanzu Auta yake kira. Auta ya fara riƙe cokali, bakin ma ya fara dawowa, abin da ya fara yi da shi kuwa shi ne ya dubi farin gemun ya ce yaro ya girma.

Tanko bai san ranar haihuwarsa ba, damina kawai gwaggo Safura ta ce. Don haka a bana ya bar wa Mero saƙo, ta kira shi ranar da ruwan farko ya sauka, ranar da zai taka shekarar mahaifinsa. Wata safiya yana zagaye na uku waya ta yi ƙara, ya ɗauka bai tsaya ba. Bai ji muryarta sosai ba saboda ƙarar ruwa a kan kwano.

"Baban Bilqis, ruwan farko ya sauka. Kana ina?"

"Ina kan ƙafata," in ji Tanko.

Ya wuce ta gaban benci, Mama ta ja ƙwaya ta uku ta fara tattara jakarta. Ya ɗaga mata yatsa ɗaya, alamar a ƙara zagaye, ya ci gaba.